"Ta Bar 'Ya'ya da Jikoki": Shi Ke Nan Tarihinta?

Ranar Litinin 2 ga Satumba, 2024, Allah ya yi wa Hajiya Dada rasuwa a Katsina tana da shekara 102. Kafin gari ya waye labari ya gama ƙasa. Na bi sanarwar a rediyo, na bi ta a jaridu da Facebook, kusan duk bakinsu ɗaya: mahaifiyar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, mahaifiyar marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, mahaifiyar Sanata Abdul'aziz, matar marigayi Mutawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa wanda ya riƙe ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Duk gaskiya ne, kuma kowace uwa za ta yi alfahari da irin wannan zuri'a. To amma zare sunayen mazan nan huɗu, ka sake duba takardar. Abin da zai rage maka shekarunta ne da lokacin jana'iza.

Alhali shekara 102 ba wasa ba ce. Wadda aka haifa wajajen 1922 a Katsina ta buɗe ido a zamanin Sarki Dikko, ta ga Usman Nagogo, ta ga Muhammadu Kabir, ta riski Abdulmumini. Ta yi wa mijinta takaba a 1993. An kama ɗanta Shehu a 1995 zamanin Abacha, ranar 8 ga Disamba, 1997 aka ce ya rasu a gidan yarin Abakaliki. Umaru ya hau mulki a 2007, aka ɗauke shi zuwa asibiti a Jidda a watan Nuwamba na 2009, ya cika ranar 5 ga Mayu, 2010. Bayan haka ta ƙara shekara goma sha huɗu a duniya. Su mazan an rubuta littattafai a kansu, an sa wa jami'a da tituna sunayensu. Yadda uwa ke kwana a irin waɗancan darare kuwa, da abin da take faɗa wa jikokin da aka bar mata marayu, bai samu gurbi a sanarwa ba.

Idan haka aka yi wa mahaifiyar shugaban ƙasa, ina ga kakata?

Ni aka miƙa wa biro ranar da Inna ta rasu, wai ni ne ɗan boko. Baffana yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida yana faɗa ina rubutawa: ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ta bar 'ya'ya shida da jikoki da tattaɓa kunne da dama, daga cikinsu akwai Alhaji wane da Malam wane, za a yi jana'iza bayan la'asar. Da na kai aya na ɗaga kai na ce, "Baffa, ba za a ƙara komai ba?" Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Me za a ƙara, ɗana? Mace ce mai haƙuri, kowa ya shaida." Na naɗe takarda na miƙa wa yaron da zai kai gidan rediyo. Layi biyar. Ban zargi Baffa ba, don ni ma da aka tambaye ni a lokacin me za a ƙara, da inda-inda zan yi. Ko sunanta na yanka ban sani ba sai shekarar da aka zo cike mata takardun aikin Hajji. Mijinta bai taɓa faɗinsa ba don kunya, 'ya'yanta balle, mu jikoki kuwa Inna muka tarar ana cewa.

Ko shekarunta sai da aka yi gardama a kansu a zaman makoki. Wani ya ce ɗari cif, wani ya ce casa'in da biyar. Ita dai abin da take faɗa shi ne tana goye a bayan uwarta aka yi yunwar 'Yar Buhu, wadda masana tarihi suka ajiye a 1927. Haka take lissafin komai. An yi mata aure kafin Sarki Dikko ya rasu, wato kafin 1944. Ta haifi babana shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna, 1956 ke nan. Gwaggona ta tsakiya ta yi haihuwar fari shekarar da aka canza hannun tuƙi, 1972. Ba ta taɓa riƙe kalanda ba, amma ban taɓa kama ta da kuskuren jeri ba.

Sai da aka shafa fatiha ta sadakar uku, maza suka watse, na shiga cikin gida don in gaida gwaggonnina, sannan na fara jin wace ce Inna. A waje magana ɗaya ake ta nanatawa: ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, halinta nagari ya bi ta. A ciki kuwa tsofaffin mata ne zube a tsakar gida, ana kuka ana dariya, kowa na jefo nata. Wannan ta ce Inna ce ta yanke wa 'ya'yanta bakwai cibiya. Waccan ta ce ita ta sayo mata kasko da kwanon wake na farko da ta fara ƙosai, ba ta karɓi kuɗin ba sai bayan shekara. Wata makauniya da aka jawo da sanda ta ce shekara ashirin ba ta taɓa rasa tuwon dare daga gidan nan ba. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki kamar baƙo a gidanmu.

Kakana awon gyaɗa yake yi. Yana da sikeli da rumfa, yana saye a hannun manoma yana turawa ga manyan dillalai, daga nan buhuna su nufi Kano inda ake jera su dala-dala kafin jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. A wancan zamani gidan cike yake. Sai aka yi farin 1973, gyaɗa ba ta gama farfaɗowa ba wata cuta ta faɗa mata a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya rage. Dalar gyaɗa ta zama labari, sikelin kakana ya yi tsatsa a zaure. Abin da mu jikoki muka tashi muna ji shi ne, Malam ya yi tawakkali, Allah ya rufa masa asiri. Ta wace ƙofa rufin asirin ya shigo, ba wanda ya ce mana.

Ta ƙofar madafa ya shigo. Tun da daɗewa Inna na yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli: a soya gyaɗa, a murje, a fece ɓawon, a daka a turmi har ta yi laushi, a riƙa yayyafa ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso, a matse tunkuza a mulmula a soya a cikin man nata. Aiki ne na karya kafaɗa, daga asuba zuwa azahar. Da gyaɗar ta yi tsada ta gagari turmi, sai ta koma fura da daddawa, ta haɗa da dakau, tana surfa wa gidajen masu hali gero a biya ta, dussar kuma ta awakinta ce. Ƙafarta ba ta taka kasuwa ba, tana cikin kulle, amma faranti uku ke fita gidan da talla kullum, su dawo da kuɗi. Gwaggona ta ce da dare Inna kan ƙulla kuɗin cefanen gobe a ƙyalle ta tura ƙarƙashin buzun Malam. Da safe shi zai kira yaro ya ciro ya miƙa a gaban kowa, har gaban kishiyarta, ya ce a kai wa uwargida kuɗin cefane. Ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah ya ƙara buɗi. Shekaru aka yi ana wannan wasa, shi ya sani, ita ta sani, ba wanda ya taɓa furtawa.

Wannan ba na gidanmu kaɗai ba ne. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa nan kusa da Katsina, ta lura cewa kasuwa mai girma tana ci a bayan katangu, hatsi da mai da dafaffen abinci suna yawo daga gida zuwa gida a kan yara, mata na ciniki ba tare da an ga fuskarsu ba. A 1969 ta wallafa maƙala a kan abin, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Baƙuwa ta zo daga Ingila ta gani ta rubuta. Mu da muka ci tuwon wannan ciniki, aka saya mana littafi da takalmin makaranta da shi, sai muka taƙaita shi a kalma ɗaya: haƙuri.

Ba ni da faɗa da haƙuri. Inna ta yi shi, irin wanda ni ba zan iya ba. Ta haifi goma sha ɗaya, ta binne biyar, biyu a mako guda da ƙyanda ta shigo unguwa. An yi mata kishiya tana jego. Malam ya yi shekara shida a kwance ɓarin jikinsa a shanye, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu a baki, ba ta yarda ɗa ko jika ya ga tsiraicinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ta zauna ta yi masa wata huɗu da kwana goma. Duk wannan haƙuri ne. Faɗana da yadda muka mai da kalmar mayafi, muna lulluɓe duk sauran abin da ke ƙarƙashi: basira, lissafi, jari, iya tafiyar da mutane. Namiji in ya rasu a ce attajiri ne, malami ne, gwanin ɗinki ne, shi ya gina masallacin unguwa. Mace kuwa ko ta riƙe rabin unguwa, yabonta ɗaya da na wadda ba ta taɓa ɗaga tsinke ba.

Kuma abin yana da illa ga masu rai. Je ka saurari faɗan da ake yi wa amarya daren da za a kai ta, ko wa'azin da ake yi wa matar da ta kawo ƙara wurin iyaye. Ki yi haƙuri irin na iyayenmu mata, su ba a jin kansu. Ana dukan jikoki da sandar kakanninsu, alhali an fere sandar an yar da rabin gaskiya. Ba a gaya wa yarinyar cewa kakar nan tana da tumakinta da awakinta, tana da adashinta, ba ta jiran miji ya saya mata sabulu. Ba a gaya mata Inna ta yi yaji har sau biyu ba, na biyun sai da Malam ya aiki aminansa biko sau uku kafin ta dawo, kuma da sharaɗi. Ba a gaya mata cewa a zaɓen 1979, karon farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, Malam ya tara matansa ya ce a dangwala wa gida da masara na NPN, Inna ta ce to, ta shiga ta dangwala wa mabuɗin PRP don tana jin Malam Aminu Kano a rediyo yana maganar talaka da mata. Sai bayan mijinta ya rasu ta ba da labarin, tana dariya har da hawaye. Wannan ita ce macen da muke cewa ba a jin kanta.

Akwai labarin da ya fi tsaya mini. Inna uwar adashi ce, mata fiye da ashirin ke zubi a hannunta, kuma duk lissafin a ka yake. Har ta rasu da fam da sule take ƙirga, ko da yake tun ranar 1 ga Janairu, 1973 naira ta maye gurbinsu, fam ɗaya naira biyu. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta canza launin takardun naira, aka rufe iyakoki, aka ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Layin banki ya gagari maza majiya ƙarfi, balle matan kulle. Wani kaso na kuɗin adashin ya mutu a cikin kwallarta. Ba wadda za ta zarge ta, ƙasa ce gaba ɗaya abin ya shafa. Ta sa aka ja awakinta huɗu zuwa kasuwa, ta cike giɓin, kowace mace ta kwashi adashinta cif ranar da ya zagayo kanta. Ɗaya daga cikin matan ce ta ba ni labarin a zaman makokin, ta ce sai bayan shekara biyu suka gane abin da ya faru, da suka ga turken ya zama wayam. Da namiji ne ya yi wannan a kasuwa, da har yau ana buga misali da shi.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini. Za su ce ita da kanta ta zaɓi ɓoyewa, tona abin da ta rufe cin amana ne, kuma mutuncin mace a sutura yake, ba a yawo da sunanta a bakin duniya. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma Inna ta ɓoye hannunta ne don kada girman mijinta ya zube a gaban iyalinsa, kuma ta cim ma burinta, ya rayu da girmansa ya mutu da shi. Yanzu da su biyun suke kwance, wa muke karewa? Batun sutura kuwa, mu da muka san Nana Khadija da fataucinta, muka karɓi ɗimbin hadisai daga bakin Nana A'isha, ba mu da hujjar cewa addini ne ya hana. A nan ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba manyan maza kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu wadda ke taimakon mata wurin haihuwa, ta ambace su da sunansu, ta lissafa ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. 'Yar Mujaddadi ba ta ga aibin haka ba, mu ne muka fi ta sanin kunya?

Kada kuma a ɗauka cewa nake yi a mai da kowace tsohuwa waliyyiya. Wannan ma wata hanyar shafe mutum ce. Inna tana da faɗa, harshenta kaifi gare shi, surukanta mata sun ɗanɗana. Tana da son kai ga 'ya'yan 'ya'yanta mata, mu 'ya'yan maza sai abin da ya rage a kwano. Kuma da aka zo da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, mai unguwa na bi gida-gida yana rubuta yara, ta ɓoye autarta da wata jikarta a bayan rumbu, don in sun tafi boko wa zai ɗauki talla? Gwaggon tawa har yau ba ta iya rubuta sunanta ba, kuma takan faɗa ba tare da ɗaci ba cewa farantin furarta ne ya kai yayyenta maza makaranta. Tallan da ya ceci gidan shi ya cinye karatun 'yan matansa. In za a ba da tarihin Inna, da wannan za a bayar, don jikokinta mata su san abin da za su ɗauka da abin da za su bari.

Misalin abin da ake samu in an zauna an saurara yana nan. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, tana tambaya tsohuwar na ba da labari da Hausa tana rubutawa. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce, ko haihuwa ba ta yi ba, 'ya'yan riƙo ta raina, kuma aure huɗu ta yi. Amma yau duk mai son sanin yadda aka yi zaman rinji da bayi, da harin mahara, da zuwan Turawa, da ƙawance da kishi da bikin suna a bakin mace, wurinta yake zuwa. Makonni kaɗan na hira suka haifar da wannan. Kowace unguwa a Katsina da Kano da Damagaram tana da irin Baba, zaune a kan tabarma tana jan carbi, jikoki na wucewa ta gabanta kai a sunkuye kan waya. Wayar nan kuwa tana ɗaukar murya. Abin da ya sa Baturiya cika littattafan rubutu da hannu, yau danna maɓalli ɗaya ne.

Ni ma sau ɗaya na gwada, kuma a makare. Wata Sallah ce, kimanin shekara biyu kafin rasuwarta, na zauna kusa da ita na ajiye waya a kan tabarma na ce, "Inna, ba ni labarin auren ku da Malam." Ta fara, ta ce a kan doki aka kai ta, tana kuka har mayafinta ya jiƙe, ƙawarta na riƙe da ita ta baya. Ta faɗi yawan ƙoren da aka jera mata, ta fara lissafa waɗanda suka raka ta. Sai idonta ya faɗa kan wayar.

"Wannan abin maganata yake ɗauka?"

Na ce e, Inna, don jikoki.

"Kashe shi, ja'iri. Mijin banza, ko kuɗin cefane ba ka ba ni ba za ka kwashe mini sirri." Ta ja tsaki, ta juya ta ƙwala wa gwaggona kira. "Ke, an ba angon nawa fura kuwa?"

Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Yana nan a wayata, na tura wa duk 'yan uwa, Baffa ya sa an kunna masa sau uku a jere.